Daga Kano Zuwa Kumasi a Mota: Ta Arewa, Ta Tsakiya Ko Ta Bakin Teku?

Wanda ya yi niyyar zuwa Gana daga Kano ko Sakkwato a mota, ko don sayen kaya, ko ziyarar dangi a zango, ko don ya ga ƙasar da kakanninsa suka riƙa kira Gwanja, hanya uku ce a gabansa. Akwai ta arewa, wadda ke bi ta Yamai da Wagadugu ta gangaro Tamale. Akwai ta tsakiya, wadda ke ratsa arewacin Benin da Togo. Sai ta kudu, daga Legas a bi gefen teku ta Kwatano da Lome har Akara. In taswira kaɗai mutum ya duba, ta tsakiya zai zaɓa, domin ita ce miƙaƙƙiya. Ita ce kuma ta asali, amma yau ita ce wadda motocin haya suka fi ƙauracewa. Dalilin hakan yana cikin tarihi, kuma wanda ya fahimce shi zai fi sanin abin da zai tarar a kowace iyaka.

Kafin zuwan Turawa, ayarin fatake yakan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin yadi na rini da jar fata, madugu na jan ragama, jagaba na gaba yana duba zango. Sukan ƙetare Kwara a wajen Yawuri ko Illo, su shiga Borgu ta Nikki, su sauka Jugu, daga nan Sansanin Mango ko Yandi, sai Salaga, inda goron kurmin Asante ke jiransu. Tafiyar watanni ce. Baturen nan Kilafaton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ayarin yana dawowa daga Gwanja da mutum wajen dubu. Ba goro kaɗai ake ciniki a Salaga ba, har da bayi, kuma bai kamata mu riƙa tsallake wannan ba in muna ba da labarin fatauci.

Turawa uku ne suka yanyanka wannan hanya. A 1894 Lugga da wani hafsan Faransa mai suna Dekor suka yi tseren isa Nikki, kowa na neman sarkin Borgu ya sa masa hannu a takarda. Yarjejeniyar 1898 ta raba gardama: Nikki ta Faransa, Busa ta Ingila, ƙasa ɗaya ta koma biyu. A yamma kuma Jamusawa suka kafa Togo tun 1884, ta hannun Nachtigal, wanda shi ne ya taɓa kai wa Shehu Umar na Barno kyautar sarkin Furusiya a Kukawa. Jamusawan suka murƙushe rundunar Dagomba, mutanen ƙasar Yandi da Tamale, a Adibo a 1896, sannan a 1899 suka raba ƙasar da Ingila, Yandi ta faɗa hannun Jamus, sauran Dagomba hannun Ingila. Salaga kanta ta riga ta durƙushe da yaƙin basasa na 1892, malamai da attajirai suka watse zuwa Kete Karachi da Kumasi da bakin teku. Cikin waɗanda suka ƙaura har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Karachi ƙarƙashin Jamusawa sannan Ingilishi har rasuwarsa a 1934.

Abin da ya ƙarasa hanyar shi ne jirgin ƙasa. Kowane ɗan mulkin mallaka ya shimfiɗa nasa dogo daga tashar ruwansa zuwa cikin ƙasa, don ya kwaso amfanin gona da ma'adinai: Sekondi zuwa Kumasi a 1903, Lome zuwa Atakpame a 1911, Legas zuwa Kano wajen 1912, Kwatano zuwa Faraku a shekarun 1930. Ba ko ɗaya da ya nufi gabas ko yamma don ya haɗu da na maƙwabci, ko faɗin dogon ma ba ɗaya ba ne tsakanin na Ingila da na Faransa. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Tun daga lokacin duk wata hanya mai kyau a yankin nan teku take fuskanta, kuma har gobe matafiyi na biyan kuɗin wannan tsari da lokacinsa da aljihunsa.

Ta arewa ba za ta ɗauke mu lokaci ba, don shawarata a kanta guda ce: a bar ta yanzu. A da ita ce hanyar 'yan Nijar masu zuwa ci-rani Kumasi da Akara, kuma Bahaushe yakan ji daɗinta, tunda daga Jibiya ko Illela har Doso harshensa ne kuɗinsa. Tarihin da ke gefenta ma namu ne: Birnin Ƙonni da rundunar hafsoshin Faransa Vulet da Shanuwan suka ƙone a 1899, da Lugu inda Sarauniya Mangu ta tsaya musu. Amma daga Yamai zuwa yamma, ta Torodi da Makalondi da Kancari da Fada Ngurma, yanki ne da masu ɗauke da makamai ke tare hanya suna binne nakiya. Manyan motocin kaya ma sun koma zagayawa ta Tera da Dori, a jere, da rakiyar soja. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, an rufe gadar Gaya da Malanbil, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ci gaba da rufe nata, mutane suka koma ƙetare kogi a kwalekwale. A 29 ga Janairun 2025 Nijar da Burkina Faso da Mali suka fice daga ECOWAS, wadda a can ake kira CEDEAO. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin jama'a su yi zirga-zirga har sai an sake shawara, sai dai sanarwar Abuja daban, abin da jandarma zai yanke a shingen daji daban. Wanda ke da mahaifiya a Maraɗi ko Damagaram ya je ya gaishe ta, wannan wata tafiya ce. Amma ratsa gabashin Burkina don a kai Gana, ban ga kayan da ya kai a sayar da rai saboda shi ba.

Ainihin zaɓin yana tsakanin ta tsakiya da ta kudu.

Ta kudu doguwa ce. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, Legas zuwa Akara bai kai 500 ba, sannan Akara zuwa Kumasi wajen 250. Ka gangara har teku sannan ka sake hawowa, kamar mai zuwa Daura ta Zariya. Ribarta ita ce komai a shirye yake. Akwai manyan motocin safa da ke tashi daga Legas kai tsaye zuwa Akara, irin su ABC da Chisco da GUO, kuma ma'aikacin motar ne ke tattara fasfo ya shige gaba a kowace iyaka. Wanda bai taɓa fita ba, ko mace mai tafiya da yara, ko dattijo, wannan ce ta dace da shi. Wanda ya saba kuma yana iya yanka tafiyar gunduwa-gunduwa, daga tashar Mile 2 ta Legas zuwa Seme, daga nan Kwatano, daga Kwatano zuwa Lome, ya taka da ƙafa ya shiga Aflawo. Ya fi araha a kuɗin mota, amma kowace ƙofa shi zai tsaya wa kansa.

Ƙofofin uku ne a cikin tafiyar da ba ta kai nisan Kano zuwa Maiduguri ba: Seme da Krake tsakanin Nijeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo tsakanin Togo da Gana. Gaɓar tekun Benin ba ta wuce kilomita 120 da 'yan kai ba, ta Togo kuwa ba ta kai 60 ba. Ƙasashe ne sirara dogaye, domin kowane Bature ƙofar teku ya fara kamawa sannan ya miƙe arewa iya ƙarfinsa. Lome ma birni ne da ya jingina da shingen iyaka, unguwa ta ƙare, Gana ta fara. Mutanen Ewe ne a kowane gefe. Bayan da Jamusawa suka miƙa wuya a Kamina a watan Agustan 1914, Ingila da Faransa suka raba Togo, kuma a ƙuri'ar 1956 ɓangaren Ingila ya zaɓi haɗewa da Gana. Shi ya sa za ka ga mace da kwandon kifi tana ƙetare iyakar ƙasa da ƙasa don zuwa gidan yayarta. A wancan yaƙin na Togo ne, a hanyar Lome, wani sojan rundunar Gold Coast, wato Gana ta yanzu, mai suna Alhaji Gurunshi ya yi harbin da ake ɗauka shi ne na farko daga ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A takarda, tsallakawa kyauta ce. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza. A aikace kuwa ana neman na goro, musamman in fasfo sabo ne ba a taɓa buga masa hatimi ba, ko in mutum ba shi da katin rigakafin shawara, wato ɗan katin nan rawaya. Wannan kati shi ne ƙofar da aka fi shigo wa matafiyi ta ita, don haka a yi allurar tun a gida, aƙalla kwana 10 kafin tashi, a karɓi na gaskiya. Abin da ya fi ci mini rai a hanyar nan shi ne wurin da ya fi wahala namu ne: tsakanin Badagiri da Seme shingaye ne bi da bi, kaki iri-iri, kowa da abin da yake nema. Da ka shiga Benin sai hanya ta sarara. An buɗe ofishin haɗin gwiwa a Seme da Krake a 2018 don a rage tsaye-tsaye, ya kuwa taimaka a cikin ginin, amma bai taɓa abin da ke kan titi ba.

Bambancin mulkin Ingila da na Faransa kuwa a jikinka za ka ji shi. A Benin da Togo jami'i takarda yake so, a cike, da hatimi, da Faransanci, kuma gaisuwa kafin magana tana da nauyi ƙwarai. Wanda ya fara da ɗaga murya irin ta tashar Legas ya ƙara wa kansa awa guda. A Gana Ingilishi ne, tsarin ofis irin wanda muka sani, sai dai suna bincike da natsuwa kuma ba sa son gaggawa. Kuɗi ma haka: naira, sannan sefa, sannan sidi. Sefa ɗaya ce a Benin da Togo da Nijar da Burkina, an ƙirƙiro ta a 1945, kuma a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowace yuro, shi ya sa ba ta tangal-tangal irin na naira da sidi. In Bahaushen Nijar kake ciniki da shi a zangon Kwatano, ka tuna da dala yake ƙirga: dala sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jaka kuma 1,000. Mutanenmu da yawa sun yi asara a kan wannan lissafi kaɗai. Ka canza kaɗan a bakin iyaka don kuɗin mota, sauran ka bari sai cikin gari. Agogo ma yana canzawa a Hilakonji, Togo da Gana suna bayanmu da awa ɗaya, abin lura ga mai sallah da mai alƙawari. Soket ɗin lantarki a Benin da Togo mai rami biyu zagayayyu ne irin na Faransa, a Gana kuma irin namu. Abu ɗaya da aka daidaita shi ne hannun tuƙi: Nijeriya ta koma dama a 1972, Gana a 1974, don su dace da maƙwabta.

Ga mai son ganin tarihi, bakin teku a cike yake, sai dai tarihin cinikin bayi na teku ne da na sarakunan kurmi. A Wida ta ƙasar Benin akwai ganuwar Fotugal ta 1721, wadda suka riƙe har 1961, bayan Dahome, wato Benin ta yanzu, ta sami 'yanci. A Abome akwai fadar Behanzin, sarkin Dahome, wanda Faransa ta ci da yaƙi ta kai shi Martinik, ya rasu a Aljeriya a 1906, kuma a 2021 Faransa ta dawo da kayan fadar guda 26. A Foto Nobo akwai babban masallacin da 'yantattun bayi da suka dawo daga Burazil suka ba shi fasalin ginin can. In an shiga Gana, ganuwar Elmina tun 1482 take tsaye. Na Bahaushe kuwa yana cikin zanguna: Nima da Sabon Zango a Akara, Abuwabo da Asawase a Kumasi. Wasu jikokin fatake ne, wasu jikokin dakarun Hausa da Baturen Ingila Gulba ya ɗauka a Legas aka kai yaƙin Asante na 1874. Za ka sha koko da ƙosai da safe, ka ci waakye wanda sunansa daga wake ya fito, ka ji ana ce wa mace "ya zo", kada ka gyara wa kowa, Hausarsu ce kuma ta kai shekara ɗari biyu tana aiki. Su ma sun ɗanɗana iyaka: a 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta kori baƙi marasa takarda, mutane da yawa da aka haifa a zango suka tsinci kansu a motar kaya, a 1983 kuma gwamnatin Shagari ta yi wa 'yan Gana irin haka.

Hanyar tsakiya ita ce zuciyata ke so, ba zan ɓoye ba. Mutum ya shiga Benin ta Cikanda a Jihar Kwara, ya isa Nikki, ya wuce Faraku, ya kwana Jugu, ya ƙetare zuwa Kara a Togo, ya bi ta Basar ya shiga Gana a Tatale, ga Yandi, ga Tamale wajen kilomita 100 a gaba. Kusan sawun jakunan da ne. Ƙasar Musulmi ce yawancinta, masallaci a kowace tasha, abinci ba abin tambaya, harshen Dendi da Hausa suna yi maka aiki a kasuwa fiye da Faransanci. A Jugu har yau akwai unguwar Wangara inda ayari ke sauka. A Yandi ne Babatu, jagoran Zabarmawan da suka mamaye ƙasar Gurunsi, ya ƙare rayuwarsa. Daga Tamale mutum na iya gangarawa Salaga ya ga rijiyoyin da aka riƙa shayar da bayi da dabbobi da wurin tsohuwar kasuwa, ya hau jirgin fito daga Makango zuwa Yeji, ya bi ta Atebubu da Ejura da Mamfon ya shiga Kumasi ta ƙofar da goro ke fitowa. Tsohuwar Kete Karachi kam ba za a gan ta ba, tafkin Bolta ya shanye ta bayan gina madatsar Akosombo a 1965.

Amma wahalarta ta gaske ce. Ba mota ɗaya da za ta ɗauke ka daga farko zuwa ƙarshe. Ƙananan motoci ne masu jiran cika, wani wurin kuma babur, kuma da damina wasu sassan kusa da iyakoki sukan lalace. A ƙaramar iyaka jami'i ba shi da cunkoso, yana iya sallamarka cikin minti biyar, yana kuma iya riƙe ka har la'asar ba wanda za ka kai wa kuka. Ka tabbata an buga maka hatimin shiga a kowace ƙasa, domin ɗan acaɓa zai ce maka akwai hanyar baya, kuma gaskiya ne akwai, amma rashin hatimin zai kama ka a ƙofar fita. Babbar magana ita ce tsaro. Wutar Sahel ta gangaro arewacin Benin, a dazukan W da Penjari, inda a Afrilun 2025 gwamnati ta tabbatar da kashe sojoji 54 a rana ɗaya. A Togo yankin Savanes, inda Mango da Dapaong suke, yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022. Layin Faraku da Jugu da Kara yana kudu da wuraren da abin ya fi tsanani, amma ba nisa can ba ne. Ɓangarenmu ma ba lafiya ba: dajin Kainji da kewayen Kayama sun zama mafakar 'yan bindiga, don haka wanda zai je Cikanda ya zagayo ta Ilori da Saki. Ga wani abu mai zafi da dole a faɗa: a irin wannan yanayi, baƙo mai Hausa ko Fulatanci, da gemu da doguwar riga, shi ake fara zargi a shinge. Ka riƙe cikakkun takardu, da suna da lambar wanda za ka sauka wurinsa, da amsa guda ɗaya gajera kan abin da ya kawo ka.

To wa ya kamata ya bi wace? Ɗan kasuwa mai kaya da lokaci ƙididdigagge, da mai iyali, da wanda wannan ce fitarsa ta farko, su bi bakin teku, a babbar mota, su haƙura da zagayen. In da hali a kwana a Legas a tashi da asuba, don a wuce iyakokin uku da rana. Mai shiga da motarsa ya tanadi inshorar ECOWAS mai launin ƙasa-ƙasa da takardar izinin shiga da mota ta kwastan a kowace ƙasa, ya kuma sani cewa lambar Nijeriya tana jan ido a kowane shinge.

Wanda kuma Salaga da Yandi da Jugu ne ke kiransa, ba sai ya jefa kansa a daji ba. Akwai tsaka-tsaki, kuma ita nake ba ɗalibai da masu neman asalin danginsu shawara. Ya bi teku har Akara, ya hau Kumasi, ya wuce Tamale, tafiyar kusan kilomita 380 a kan kwalta da manyan motoci irin STC da VIP, daga nan ya ziyarci Yandi da Salaga yana dawowa masauki. In ya tambayi direbobin tasha da mutanen zango suka ce hanya lafiya, ya ƙetare Tatale zuwa Kara da Jugu, sannan ya gangara Kwatano ta Sabalu da Bohikon, ya tsaya Abome a kan hanya. Ta haka ya taka mafi yawan tsohuwar hanyar ba tare da ya kusanci Kainji ko iyakar Burkina ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ruwa ya ɗauke, hanyoyin ƙasa sun bushe, zafin bazara bai sauko ba. A ware mata mako biyu, kuma duk inda magariba ta riske ka a arewacin Benin ko Togo, nan ne zangonka na ranar.